Riƙon kuɗin ƙungiyar ɗalibai: abin yi daga ranar rantsuwa

Ko a Jami'ar Usmanu Danfodiyo aka zaɓe ka cikin shugabannin ƙungiyar ɗalibai, ko Jami'ar Jihar Sakkwato, ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, daga ranar rantsuwa kuɗin ƙungiya sun hau wuyanka. Kuɗi ne da ɗalibai suka biya, wasu sai da iyayensu suka kai buhun gero ko albasa kasuwa.

Kada ka taɓa ko kwabo sai ka karɓi takardar miƙa ragama daga wanda ka gada. Ta ƙunshi bayanin asusu daga banki na tsawon wa'adinsa, littafin shiga da fitar kuɗi, ragowar cek, jerin kayan ƙungiya, da bashin da ake bin ta. Gani ya kori ji: ƙirga kujerun da kanka, ka sa a tada janareta a gabanka. Ku sa hannu ku biyu, wakilin ofishin kula da harkokin ɗalibai na shaida. Bashin da ba a rubuta ba, kai mai kanti zai tare a ƙofar aji.

A makon farko ku je banki a sauya masu sa hannu. Ku riƙe wasiƙar hukumar makaranta, bayanin taron da ya tabbatar da ku, katin shaida, hotuna da lambar BVN. Muddin ba a yi wannan ba, a wurin banki tsofaffin shugabanni ne masu iko da asusun. A tsara yadda kuɗi ba za su fita ba sai da hannun mutum biyu. Kuma kada ka sa hannu a cek ɗin da ba a cike ba don za ka yi tafiya. Ta nan ake yawan faɗawa rami. Kuɗin ƙungiya ba sa kwana a asusunka, ko da na dare ɗaya ne.

Kasafi kuwa sai majalisar wakilan ɗalibai ta amince. Duba kundin tsarin ƙungiya ka ga mutum nawa ne ke cika zama, don abin da aka zartar ba a cika ba, ana iya rushe shi bayan an kashe kuɗin. Sakatare ya rubuta adadi da dalili a ranar.

Wajen sayayya, nemi farashi daga wuri uku. Idan abokin ɗakinka na cikin masu neman a saya a wurinsu, faɗa a fili ka fita daga zaman.

Rasit ne ke ba da wahala. Mai keke da mai ruwa ba su da shi, don haka ka tanadi bauca: kwanan wata, adadi, aikin da aka yi, sa hannun mai karɓa. Takardar POS kuma ba ta jure zafin Sakkwato. Wadda ta yi watan Afrilu a aljihu, da wuya ka iya karanta ta a ƙarshen zango. Ɗauki hotonta nan take, ka manna kwafi a fayil.

Makon ɗalibai yana cin kuɗi ba kaɗan ba, ga masu rigar kamfe suna jiran nasu. Ware kason lokacin jarrabawa tun farko, na ruwa a ɗakunan kwana da man janareta don masu karatun dare. Duk ƙarshen wata, ma'aji ya gwada littafinsa da bayanin banki, ya liƙa sakamakon a allon sanarwa.