Yadda Nake Gano Tushen Ƙugi a Amfilifayar Jita

Kafin ka zargi amfilifaya, zare wayar jita daga jikin amfilifayar, ka ƙara murya. Idan ƙugin ya ɗauke, laifin yana wajen jita ko wayarta. Ni wayar nake fara canzawa, domin kan jak ɗin yakan tsinke daga ciki ba a gani.

Sai ka rungumi jitar ka juya a hankali. Fikof (abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya) mai naɗi ɗaya, irin na jitar Stratocaster, yana kwasar ƙugin wutar lantarki mai bugu 50 a daƙiƙa, amma akwai kusurwar da zai lafa. Kashe doguwar fitila, ka nisanta cajar waya. Ɗora yatsa kan tsirkiya: in ƙarar ta ragu, wayar ƙasa (wayar "earth") lafiya lau take, in ƙarar ba ta canza ba, wayar ta saki a cikin jitar, sai a liƙe ta da dalma.

In kuwa ƙugin yana nan babu jita, haɗa amfilifaya da sauran kayan sauti a soket ɗaya, musamman kan janareta. Don Allah kada ka karya ƙafar fulogi ta uku, ita ke tsare ranka. Buɗe ciki kuma aikin mai gyara ne, don kafasito, abin da ke tara wuta a ciki, yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an kashe.