Yadda za ka binciki gida da unguwa kafin ka saya a bayan garin Kano

Tsadar gidaje a cikin birni ta sa magidanta da yawa sun nufi bayan gari: Danbare da Mariri a Kumbotso, Rijiyar Zaki a Ungogo, har can hanyar Gezawa. Dillali zai nuna maka fenti da tayil. Unguwar kuwa kai za ka bincike ta da ƙafarka, domin ɗaki ana rushe shi a sake, amma layin da ruwa ke kwanciya ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Da farko, ka je da damina. In da hali ka jira Agusta, watan da ruwa ya fi sauka a Kano, ka tafi washegarin da aka kwana ana tafkawa. Duba inda kwatar layin take zubawa, tana da mafita ko a ƙofar wani take tsayawa. In da rani ne, katangu za su ba ka labari: shatin danshi a gindin bango, filasta tana ɓarewa, farin gishiri a jikin bulo, da dakalin da maƙwabta suka ɗaga a bakin ƙofa don tare ruwa. Wasu filotan tsoffin kududdufai ne da aka cike da shara aka yanka, kuma irin wannan ƙasa takan zauna bayan gini, bango ya tsage. A ganina wannan kaɗai ya isa a fasa ciniki, kome arhar gidan.

Sai ruwa da wuta. Tambayi mai garuwa nawa yake sayar da jarka a watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa. Ka san rukunin da kamfanin rarraba wuta na KEDCO ya sa layin, domin tun Afrilun 2024 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, sun fi kowa biya. Ka nemi takardar wuta ta ƙarshe, kada ka gaji bashin wani.

Daga nan ka koma da yamma ba tare da dillali ba. Yi sallar Magariba a masallacin layin, ka zauna da dattawa, ka gaida mai unguwa. Akwai 'yan sintiri? Nawa kowane gida yake bayarwa a wata? Mai adaidaita sahu yana yarda ya shigo layin da tsakar dare idan naƙuda ta tashi? Ina makarantar boko da Islamiyya, kuma sai yara sun tsallaka babban titi? Ka zo da uwargida ita ma, don ta shiga wajen matan maƙwabta. Abin da za su faɗa mata a tsakar gida ba za ka ji shi a majalisa ba.

Na ƙarshe, takardu. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, shi ya sa takardar ciniki mai hatimin mai unguwa ba ta kai takardar shaidar mallaka ta gwamnati ba, ko da yake ta mai unguwar ce yawancin gidajen bayan gari suke da ita. Je Ma'aikatar Filaye ka tabbatar sunan da ke jikin takardar na mai sayarwa ne, sannan ka tambayi hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ko gidan ya hau hanya, ko magudanar ruwa, ko yana ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. In gidan gado ne, kada ka ba da ko sisi sai dukkan magada sun sa hannu, har da matan da ke aure a wani gari. Ka biya ta banki, da sunan mai gidan, a gaban lauya da shaidu daga ɓangarorin biyu, la'adar dillali kuma a rubuta ta daban.