Yadda za ka hana karen zabi bin barewa har ya ɓace

Yan uwa mafarauta, karen da ka horar dan farautar zabin daji da fakara, ranar da ya shaƙi warin gada ko barewa to shikenan sai dai ka hango ƙura, kuma in wajajen Alkaleri kake yanzun nan zai faɗa gandun dajin Yankari inda doka ta hana farauta, ba damar binsa.

Tun yana ɗan kwikwiyo ake farawa. Ɗaura mai doguwar igiya ka kai shi kusa da awaki, da ya zabura ka fizge ka daka mai tsawa, yana juyowa gunka ka bashi ɗan nama nan take, kullum usur ɗaya ko fito iri ɗaya har ya haddace. Dan Allah in ya dawo a makare kar ka dake shi, wallahi gobe ba zai yarda ya dawo ba.

Kar ka haɗa shi da karnukan babbar farauta, su ke lalata shi. Sa mai ƙararrawa a wuya.

In ya ɓace, bar rigarka mai gumi da kwanon ruwa inda kuka rabu, ka leƙo da asuba.