Yadda Ake Bin Sawun Umarni da Nauyin Aiki a Kwamfutar Linux

A shagunan Computer Village da ke Ikeja da ƙananan ofisoshin 'yan uwa a Agege da Idi-Araba, yawanci sai abu ya lalace ake tambayar wa ya taɓa me. A buga `history`, umarnin da ke nuna jerin abin da aka buga a baya, a tarar wayam. Bayanin nan na Ubuntu ne da Debian, kuma na ɗauka ka iya gyara fayil da nano, manhajar gyara rubutu a taminal.

Fara da agogo, don idan bai daidaita ba, lokacin da za a rubuta wa kowane umarni ba zai zama daidai ba. Kwamfutocin tokumbo sau tari ɗan batirin nan na cikinsu, CR2032, ya riga ya mutu, da an ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma baya. Sauya shi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sannan ka buga `sudo timedatectl set-timezone Africa/Lagos`.

Inda sababbi suka fi shan ƙasa shi ne nan: Bash, manhajar da ke karɓar umarninka a taminal, ba ya rubuta umarni cikin `~/.bash_history` a lokacin da ka buga shi. Riƙewa yake yi a ƙwaƙwalwa, sai ka rufe taminal lafiya lau sannan ya zuba. To a garin da NEPA ke ɗauke wuta ba sallama, kafin janareta ya tashi aikin yini guda ya bi ruwa. Buɗe `~/.bashrc`, ka sa waɗannan a can ƙarshen fayil ɗin:

HISTTIMEFORMAT="%F %T "
HISTSIZE=20000
HISTFILESIZE=50000
HISTCONTROL=ignoredups
shopt -s histappend
PROMPT_COMMAND="history -a"

A ƙarshe na ce, don idan ka sa su a sama, layukan Ubuntu na asali da ke ƙasa za su danne naka, ka koma kan umarni 1000 a ƙwaƙwalwa da layi 2000 a fayil. Layin PROMPT_COMMAND shi ne maganin wuta, duk umarnin da ya kammala nan take ake rubuta shi. Shi kuwa HISTCONTROL, Ubuntu na zuwa da `ignoreboth`, wanda ke sa duk umarnin da aka fara da tazara ya wuce ba a rubuta ba, kuma yaran shago masu wayo sun san da haka, shi ya sa muka mayar da shi `ignoredups`. Kammala da `source ~/.bashrc` don sauyin ya fara aiki. Kada ka ruɗe idan tsofaffin umarni duk suka fito da lokaci iri ɗaya, da ma ba a ajiye musu lokaci ba. Haka kuma root, babban asusun da ke da iko da komai, yana da nasa fayil a `/root/.bashrc`, sai ka maimaita a can.

Duk da haka `history` ba shaida ba ce, mai asusu na iya goge nasa. Don haka ka ɗora `sudo apt install acct`. Wannan tun daga zuciyar tsarin yake rubuta kowace manhaja da ta yi aiki ta gama. `lastcomm` zai jero su da sunan mai asusu da lokaci, `sudo sa -m` kuma ya nuna wanda ya fi cin ƙarfin kwamfutar. Rauninsa shi ne suna kawai yake ajiyewa: za ka ga an yi `rm`, ba za ka ga abin da aka goge ba. Cikakken abin da aka yi da sudo, wato umarnin da aka buga da ikon root, yana nan a `sudo journalctl _COMM=sudo`. Ni a wurina wajibi ne kowane ma'aikaci ya samu asusunsa, a kuma faɗa musu ana rubutawa. Mutum biyar kan asusu ɗaya, duk wahalar nan ta tashi a banza.

Saura nauyin aiki. `htop` na nuna halin da ake ciki ne yanzu, ba zai gaya maka abin da ya faru da ƙarfe 2 na dare ba. Ɗora `sysstat`, ka mayar da ENABLED zuwa "true" a `/etc/default/sysstat`, sai `sudo systemctl enable --now sysstat`. Duk minti 10 yake ɗaukar ma'auni, saboda haka ka ba shi kamar rabin awa kafin ka duba. `sar -u` na firosesa ne, `sar -r` na RAM, na ranar 14 ga wata kuma `sar -f /var/log/sysstat/sa14`. Idan `%iowait`, wato lokacin da aka ɓata ana jiran faifai, ne ke hawa a `sar -u` alhali firosesa na hutawa, faifai ne ke jan ƙafa, SSD za ka nema. A `free -h` kuma shafin `available` ake dubawa, ba `free` ba, kafin ka je ka ƙaro RAM ɗin da ba ka buƙata.