Kurakuran haraji da masu sabuwar sana'a a Birtaniya suka fi yi

Mutanenmu da yawa a Birtaniya sun koma cin gashin kansu. Wani tuƙin Uber, wani kai abinci a babur, wata ɗinki ko kitso, wata girkin biki da suna. Muddin kana aiki a ƙarƙashin wani, shi ke cire haraji da kuɗin inshorar ƙasa, wato National Insurance, kafin albashi ya iso hannunka. Ranar da ka fara sana'ar kanka, wannan nauyin ya dawo wuyanka, kuma ba kullum hukumar haraji ta HMRC ke karɓar uzurin rashin sani ba.

Kuskuren farko shi ne zaman jiran hukuma ta neme ka. Kai za ka yi rajista. Shekarar haraji a can tana farawa 6 ga Afrilu, ta ƙare 5 ga Afrilu na shekara mai zuwa. Idan kuɗin da suka shigo maka ta sana'a a cikinta sun haura fam 1,000, tun kafin a cire ɗawainiya, sai ka yi rajistar Self Assessment, wato tsarin da kai da kanka za ka riƙa bayyana kuɗin da ka samu ka biya haraji, a shafin gwamnati na gov.uk, kada ka wuce 5 ga Oktoba na bayan ƙarewar shekarar. Za a ba ka lamba mai alƙaluma 10 da ake kira UTR. Masu cewa ai hukuma ba za ta gani ba, su sani tun Janairun 2024 doka ta wajabta wa manhajoji irin su Uber da Deliveroo da eBay su tattara bayanan cinikin masu amfani da su don miƙa wa HMRC. Ɗalibai kuma su yi hattara sosai: bizar karatu ta hana sana'ar kai ɗungurungum, kuma wannan ya wuce batun tara, ya shafi zamanka a ƙasar.

Wanda ya fi kayar da mutane shi ne ɗaukar duk abin da ya shigo asusu a matsayin nasu. A ce mutum a Ingila ya ci ribar fam 30,000 a shekarar 2024 zuwa 2025, ba shi da wani aikin. Fam 12,570 na farko babu haraji a kansu. Sauran 17,430 za a cire musu kashi 20 cikin ɗari, wato fam 3,486. Inshorar ƙasa aji na 4, wadda masu sana'ar kansu ke biya a kan riba, ita kuma kashi 6 cikin ɗari ce a kan wannan ragowar, kusan fam 1,046. Jimla ta kama kusan fam 4,532, a biya kafin 31 ga Janairu na bayan ƙarewar shekarar ta wuce. To, ba a nan ta tsaya ba. Tunda kuɗin sun haura fam 1,000, za a nemi ya ba da rabinsu a ranar a matsayin kafin alƙalami na shekara mai zuwa, sauran rabin kuma 31 ga Yuli. Mutumin da ya tanadi dubu huɗu da rabi sai ya buɗe shafinsa ya tarar ana binsa kusan fam 6,800, a tsakiyar sanyi, ga kuɗin haya, ga na ɗumama gida. Nan ne ake shiga rance da katin bashi. Maganin tun ranar farko ne: ka buɗe asusu na dabam, duk kuɗin da suka shigo ka ware rubu'i ko fiye ka zuba can, ko lalurar gida ta taso kada ka taɓa. In kuma an riga an makara, a tuntuɓi HMRC da wuri, suna da tsarin biya kaɗan-kaɗan.

Masu aikin albashi, kamar kula da tsofaffi, da ke haɗawa da sana'a a gefe suna da nasu tarkon. Galibi albashin ya riga ya cinye rangwamen fam 12,570 ɗin nan, saboda haka ribar ɗinkin ko girkin za ta sha haraji ba tare da wannan sassaucin ba.

Sai batun rasit. A kan riba ake biyan haraji, ba a kan ciniki ba, amma sai ka iya nuna abin da ka kashe. Mai ɗinki ta adana shaidar yadi da zare da gyaran keke. Mai girki ta adana ta shinkafa da mai da robobin zuba abinci. A ɗauki hoton rasit da waya tun a bakin shago, domin tawadarsa kan goge cikin 'yan watanni a aljihu. Ana ajiye bayanan aƙalla shekara 5 bayan wa'adin 31 ga Janairu. Kuɗin da ka aika wa iyaye a Kano ko Zinder alheri ne babba, amma ba ɗawainiyar sana'a ba ne, kada ka saka su a lissafi. Ciniki da tsabar kuɗi ma ciniki ne, a rubuta shi.

Akwai masu ƙin cike takardar shekara wai don ba su ci riba ba. Jinkirin kwana ɗaya tarar fam 100 ce, ko da ba a binka ko kwabo. Bayan wata uku sai a fara ƙara fam 10 kullum, har ta kai 900.

Inshorar ƙasa aji na 2 ce mutane suka fi wofintarwa, kuma abin yana damuna, domin ita ke gina fanshon gwamnati. Tun Afrilun 2024 an daina tilasta biyanta. Wanda ribarsa ta kai wani mizani, fam 6,725 a shekarar 2024 zuwa 2025, ana lissafa masa shekarar kamar ya biya. Wanda bai kai ba, shekararsa za ta iya tafiya a banza sai in ya biya da ganin dama, fam 3.45 a mako a waccan shekarar. Sai da shekara 10 ake samun wani abu daga fanshon, cikakke kuwa galibi sai da 35. Uwar gida mai kitso a falo, wadda ribarta ba ta da yawa, ta shiga gov.uk ta duba tarihin inshorarta ta ga ko akwai giɓi. Alƙaluman nan sukan sauya duk Afrilu, don haka a duba na shekarar da ake ciki kafin a biya.