Yadda ake zaɓen sef na ajiye bindiga a gida, da yadda ake kafa shi

Maganar nan ta mai bindiga da lasisi ce: manomi mai baki-biyu, maharbi, ko wanda ya gaji ta mahaifinsa kuma ya gyara takardunta. Wanda ba shi da takarda, babu akwatin da zai halatta masa ita. Dokar makamai ta Najeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta ɗora wa mai lasisi alhakin tsare bindigarsa, kuma idan ta ɓace ko aka sace ta, wajibi ne ya sanar da hukumar da ta ba shi lasisin cikin kwana 14. Jingine ta bayan ƙyaure, ko cusa ta ƙarƙashin katifa, ko ɗora ta saman wadirof, duk ba ajiya ba ce. Yaran gidanka sun fi ka sanin waɗannan wuraren.

Abin da na sha gani shi ne mutum ya zuba kuɗi ya sayo sef mai ƙyalli, a sauke masa shi a lungun ɗaki, ya kulle, ya ɗauka an gama. Ba a kafa shi da bango ba, ba a kafa shi da ƙasa ba. Wannan kam ka ɗaure wa ɓarawo kaya ne kawai, saura ya samu mai taya shi ɗauka. Don haka zan bi matakan saye da ɗan sauri, in tsaya sosai a wajen kafawa.

Fara da tef

Ka auna bindigar a haɗe, daga gindi zuwa baki. Yawancin masu baki biyu suna kaiwa santimita 115 zuwa 122, saboda haka kada tsayin cikin sef ɗin ya gaza 130. Na ciki nake nufi, don mai shago na waje zai faɗa maka, kuma sau da yawa akwai ɗan ɗaki a sama wanda ya cinye tsayin. Adadin da aka rubuta a kwali ma kada ka yarda da shi. Idan an ce yana cin bindiga 5, ka lissafa 2 ko 3, in ba haka ba za su riƙa gogar juna.

Kuma ka yanke shawara tun yanzu cewa bindiga kaɗai za ta zauna a ciki. Da zarar ka saka takardun fili ko gwal ɗin uwargida, ka ƙara yawan masu dalilin neman makullin.

Ƙarfen jikinsa

Kaurin ƙarfe shi ne abin da kake saye, fenti da tambari ado ne. A Ingila, inda 'yan sanda suke zuwa gida su duba wurin ajiya kafin su ba mutum lasisi, abin da ake nema shi ne ƙarfen da bai gaza milimita 2 ba. Ni a wurina wannan shi ne ƙarshen sassauci, milimita 3 nake cewa a saya. Kayan Amurka da geji ake rubuta su, kuma lissafin a juye yake, lamba tana ƙaruwa ƙarfe yana raguwa: geji 14 bai cika milimita 2 ba, geji 12 kusan 2.7 ne, geji 10 kusan 3.4. Na ga wanda ya zaɓi 16 a kan 12 yana murna ya samu mai kauri.

Nauyi ma yana ruɗar mutane. Sef masu cewa suna jure gobara galibi allon jifsam ne aka jera a cikinsu, irin wanda ake yin silin da shi, shi ne yake ba su nauyi da kaurin ƙofa. Ka tambayi kaurin ƙarfen gefe da na baya, domin a nan kamfanoni suke rage kuɗi, sun san ƙofa kowa yake ƙwanƙwasawa. Alamar BS 7558 ta Ingila ko RSC ta Amurka abu ne mai kyau idan ka gani, amma ka san ma'anarta: akwatin ya jure minti 5 ana dukansa da kayan hannu. Ba wanda ya yi maka alkawarin zai gagari injin yankan ƙarfe. Aikin sef shi ne ya hana yaro kwata-kwata, ya ɓata wa ɓarawo lokaci, ya tilasta masa yin ƙara.

Idan na shago ya fi ƙarfin aljihunka, mai walda na kirki zai yi maka wanda ya fi rabin na kasuwa. Sharaɗi dai ka tsaya a kansa. Walda ta bi haɗin ƙarfen daga sama har ƙasa, ba ɗigo-ɗigo ba. Ƙofa ta shige cikin firam, kada ta kwanta a kansa ta bar leɓen da za a soka ƙarfe. Hinji ya kasance a ciki, in kuma dole sai a waje, a walda 'yan guntayen rodi a gefen ƙofar waɗanda za su shige cikin firam idan an rufe, ta yadda ko an yanke hinjin ƙofar ba za ta fita ba. Mai waldar ba ya bukatar sanin abin da za a ajiye.

Makulli

Doguwar ƙofa makulli biyu take so, ɗaya a kashi ɗaya cikin uku na tsayinta, ɗaya a kashi biyu cikin uku. Makulli ɗaya a tsakiya yana barin kusurwar sama da ta ƙasa a lanƙwasa su. Kwaɗo a waje kuwa a manta da shi.

Masu buɗewa da zanen yatsa ba na ba kowa shawarar su. Da hunturu yatsa yana bushewa ya tsage, ƙura ta rufe gilashin, ka yi ta dannawa ya ƙi ka. Wannan ma da sauƙi. A Oktoban 2023 hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi a Amurka ta sanar da janye sef kusan 61,000 na wannan nau'in, bayan rahoton mutuwar wani yaro ɗan shekara 12. Matsalar ita ce mai shi yana zaton ya yi rajistar yatsansa, alhali na'urar tana nan a yadda ta fito daga kamfani, kowane yatsa yana buɗe ta. Idan ka riga ka sayi irinsa, kafin ka saka komai a ciki ka gwada shi da yatsun da ba ka yi wa rajista ba. Mai lambobi ya fi wannan, muddin ka canza lambar kamfani a ranar farko kuma ana iya sauya batirinsa daga waje. Ka kuma duba ɗan makullin ko-ta-kwana da ake ɓoyewa bayan lambobin, sau da yawa shi ne mafi rauni a duk akwatin.

Wuri da kafawa

A nan ake faɗuwa. Wurin ya zama cikin ɗakin da kake kwana ko wani ɗaki na ciki wanda baƙo ba ya shiga, kuma ba a hango shi ta taga. Ban da zaure, ban da gareji, ban da sito na bayan gida inda mutum zai kwana yana duka ba wanda ya ji. Ka zaɓi kusurwa, ka juya sef ɗin yadda gefen da ƙofa take buɗewa zai kusanci bango. Mai ɓanɓara yana bukatar fili ya danna dogon ƙarfensa, bangon ya hana shi. Ka gwada ƙofar tana buɗewa sosai kafin a huda komai.

Sai maganar bango. Takardar da take zuwa cikin kwali tana cewa a huda bango a ɗaura noti mai buɗewa a ciki. An rubuta ta ne don bangon jan bulo ko kankare. Bulonmu na inci 6 da inci 9 rami ne a cikinsa, fatar da ta rage ba ta da kauri, kuma kowa ya san yadda wasu masu buga bulo suke yi wa siminti rowa. Notin zai kama, har ka ji ya yi tauri a hannu, amma filasta da ɓawon bulo kawai ya riƙe. Na ga wanda aka fizge da hannu biyu ya taho da guntun bango manne da shi.

Hanya uku ce. Mafi sauƙi ka nemo inda ginshiƙin kankare yake, galibi a kusurwar gini, ka kafa a jikinsa. Idan dirila ta ci karo da rodi, ka matsa gefe, kada ka yanke shi. Ta biyu, birkila ya fasa fuskar bulo a daidai inda ramukan sef za su faɗa, ya cika ramin da kankare mai tsakuwa, a dasa ƙarfe mai zaren noti tun yana ɗanye, a bar shi aƙalla mako guda ana ba shi ruwa kafin a ɗaure. Kada gaggawa ta sa ka ɗaure washegari, za ka kwance abin da ka dasa. Ta uku, idan ɗakin da ke bayan bangon naka ne, a huda har ya ɓulla, a sa faffaɗan ƙarfe a can a walde kan notin da shi, a shafe da filasta. Wannan ta fi ƙarfi, sai dai ba a yin ta a bangon waje, kuma a gidan haya sai da yardar mai gida.

Ƙasa ma haka take. Ƙarƙashin tayil akwai shimfiɗar yashi da siminti mai laushi, kankaren gaske yana can ƙasa. Notin ya wuce waɗannan ya nutse cikin kankare kamar santimita 7 ko 8. Za ka gane ka isa idan dirila ta fara wahala kuma garin da ke fitowa ya canza. Ka hure ƙurar ramin kafin ka saka noti, mutane suna raina wannan alhali shi yake sa ya ƙi zama. Kaurin notin milimita 10 ko 12, biyu a ƙasa biyu a baya mafi ƙaranci, da faffaɗan wosha daga ciki don kada kansa ya yage ƙarfen ya fice. Ƙananan sukurori da roba da ake haɗowa a leda, ka bar su don rataye labule.

Kada a bar rata. Idan akwai tayil ɗin gindin bango, a cire shi daidai faɗin sef ɗin don bayansa ya manne. Ratar da yatsa zai shiga, ƙarfe ma zai shiga. Gidan ƙasa kuwa kada ka wahalar da kanka da bango: a haƙa rami a cikin ɗaki, a zuba kankare mai kauri, a dasa ƙarfen a ciki, a ɗora sef a kai. Buhun siminti ɗaya da tsakuwa ba su kai kuɗin akwatin ba.

Idan an gama, ka kama samansa ka jijjiga da iya ƙarfinka. In ya yi ko ɗan motsi, aiki bai ƙare ba. Kuma a rage masu ido: ma'aikaci ɗaya da ka amince da shi ya isa, a shigo da kayan lokacin da gida ba jama'a, kwalin a yayyaga shi kada a bar shi a bakin ƙofa da hoton bindiga a jiki.

Saura

Da damina laima tana taruwa a rufaffen ƙarfe, tsatsa ta kama baki. Ka shimfiɗa siririyar roba a ciki, ka shafa wa bindiga mai kaɗan, kada ka bar ta cikin jakarta. Akwai sandar lantarki mai busar da ciki, amma da irin wutarmu gara ƙwayoyin silika, irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi, ka sayi babbar jaka, in ta jiƙe ka busar da ita da zafi kaɗan ka mayar.

Bindiga ba ta shiga da harsashi a cikinta. Ka karya ta ka duba kowane lokaci, ko da kai ka cire da hannunka. Harsasai su zauna a wani akwatin daban mai nasa makullin. Masu bindigar toka kada su rufe albarushi cikin ƙarfe, idan wuta ta kama matsewar ce take mayar da shi abin fashewa, akwatin katako mai kulle nesa da kicin ya fi.

Makulli kuma ba ya zama a ƙarƙashin filo ko cikin zoben makullan mota da ake miƙa wa mai wanki. A 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Ingila ta goyi bayan 'yan sanda da suka hana wani mutum lasisi saboda mahaifiyarsa, wadda ta haura shekara 80, ta san inda yake ajiye makullin. Naka ya zauna a jikinka, na biyun a wajen gidan, kuma duk ranar da ɗaya ya ɓace a canza makullan sef ɗin a ranar, kada a jira ko zai fito.