Yadda mai aikin rezo zai samu barci a Damagaram

Aikina haɗa rezo ne a nan Damagaram: jan waya a buro-buro, ɗora antena a kan rufi, saita rutar (na'urar da ke rarraba intanet), kula da wifi na makarantu da shaguna. Hawan tsani da zafin rana duk jiki ya saba da su. Abin da ke cinye mu, ni da abokan sana'a, kira ne. "Malam, rezo ya ɗauke." Kana shirin sallar asuba a kira ka, kana wurin ɗaurin aure a kira ka, kuma mai kiran bai san ko kuran ne ya tafi, ko kuɗin intanet ne suka ƙare, ko wani ne ya zare wayar rutar ya sa cajin salularsa ba. Kai ne za ka hau moto daga Garin Malam zuwa Birni ka gano.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan gajiya a kundinta na rarraba cututtuka da matsalolin lafiya, wato ICD-11, a matsayin abin da matsin aiki ke haifarwa. Ta ba da alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, mutum ya fara ƙyamar aikinsa, sannan aikin ya daina fita da kyau daga hannunsa. In gabanka na faɗuwa duk lokacin da sunan patron ya fito a salula, ka kama hanya. Ga yadda nake rage abin.

Ka fara da sa na'ura ta yi maka gadi, ta yadda za ka san matsala kafin mai buro ya sani. In wuraren da kake kula da su ba su da yawa, Uptime Kuma ya isa: kyauta ne, yana tafiya a kan 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi ko tsohuwar kwamfuta, yana taɓa kowace na'ura lokaci-lokaci, in ba ta amsa ba ya turo maka saƙo ta Telegram. In kayanka na MikroTik ne, kamar na yawancinmu, akwai The Dude na kamfanin, mai zana maka taswirar rezo gaba ɗaya. Wani mai gadin, PRTG, yana ba ka damar sa ido a kan abubuwa 100 kyauta. Zabbix ya fi su zurfi, amma yana son zama da haƙuri, kada ka fara da shi in kai kaɗai ne. Ko wanne ka zaɓa, ka ɗora shi a kan batir ko panno, don mai gadin da ke kwanciya tare da kuran ba shi da amfani.

Sai dai a nan ne mutane da yawa ke ƙara wa kansu wahala. Sun kafa mai gadi, sun bar shi yana ihu a kan komai, salula na ƙara dare da rana, bayan ɗan lokaci sun daina duba saƙon gaba ɗaya. Dole ka zauna ka koya masa abin da ya cancanci tashinka. Antena ta ɓace na daƙiƙa 30 ta dawo, wannan ba labari ba ne, ka saita shi kada ya yi magana sai abu ya ɗauki minti 5 a kwance. Babban rutar ya mutu, duk abin da ke bayansa zai nuna ja, to ka nuna wa na'urar wane ne ke rataye da wane, ta turo saƙo ɗaya maimakon ashirin. Zabbix da The Dude duk suna da wannan tsarin. Sannan ka raba saƙonni gida biyu. Na farko shi ne abin da in ba ka tashi yanzu ba wani zai cutu, kamar rezon wurin jinya ko wurin tura kuɗi. Sauran duk su jira safe a wani zaure na Telegram da ka kashe wa ƙara. Firintar sakatare ba ta isa ta tashe ka ƙarfe biyun dare ba.

Ga wata dabara da ta dace da garinmu. Duk wanda ya yi aiki a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana, ya san yawancin "rezo ya ɗauke" kuran ne. Ka samu wata ƙaramar na'ura mai arha, ko tsohon rutar da ba ka amfani da shi, ka jona ta kai tsaye a bango ba tare da ondilar ba (akwatin batirin da ke riƙe kaya in wuta ta tafi), ka sa mata suna "kuran". In ita kaɗai ta ɓace, sauran na raye, ka san wuta ce ta tafi kuma batir na riƙe da kaya. Sai ka kira maigadi ya tada gurup, ka koma ka kwanta.

Bayan sanin matsala, sai gyara ta daga inda kake zaune. RouterOS 7, manhajar rutocin MikroTik, yana zuwa da WireGuard a cikinsa, wato rufaffiyar hanya ta shiga rezo daga nesa. Wurin da ke kan 4G ko Starlink galibi ba shi da adireshin da za ka shiga daga waje, don haka ka yi hayar ƙaramar kwamfuta a intanet mai adireshi tsayayye, duk rutocinka su riƙa kiranta, kai ma ka bi ta nan. Kafin ka taɓa komai daga nesa, danna Safe Mode a Winbox, manhajar saita rutar MikroTik: in canjin da ka yi ya yanke ka, rutar zai warware shi da kansa. A rutar Cisco ka rubuta reload in 10 kafin ka fara, wato ya sake tashi bayan minti 10 da tsohon saitinsa, kada ka adana canjin sai ka ga komai lafiya, sannan ka soke da reload cancel. Wannan ɗan danne-dannen shi ne ke hana ka tafiyar Mirriya ko Magaria da tsakar rana.

Abin da ke kanka kuma ka sauke shi a takarda. Kowace waya ka manna mata suna a bakinta biyu. Kowane rutar MikroTik ka sa shi ya riƙa fitar da saitinsa da umarnin /export duk mako, ka ajiye kwafi a wani wuri dabam. Manhajar NetBox tana da kyau wajen rubuta adireshi da kaya, amma littafin makaranta da biro ma sun fi babu. Wasunmu na ɓoye lambar sirri don kada a iya yi ba su. Na fahimci tsoron, aiki na da wuyar samu, amma mai yin haka ya hana kansa zuwa ko da jana'izar dangi a ƙauye.

Kada ka manta da ƙura da zafi. A watan Afrilu da Mayu muna haura digiri 40, alhali batirin ondilar an ƙera shi ne don wajen digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 na rage rabin kwanansa. Ka rubuta ranar da ka sa batir a jikinsa, ka canja shi kafin bazara. Lokacin hunturu ka hure ƙurar fankar suwic, akwatin da wayoyin rezo ke haɗuwa, duk wata.

Saura mutane, kuma su ne mafi wuya. Ka ware layin aiki dabam da na gida. Ka nemi abokin sana'a da ka yarda da shi ku riƙa karɓa-karɓa, mako naka mako nasa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙorafi kuma ya bi ƙofa ɗaya, ko manhajar karɓar ƙorafi ta GLPI in buron babba ne, ko zaure guda na WhatsApp, a daina tare ka a bakin masallaci. Ƙarshen wata ka buga rahoton mai gadinka ka kai wa patron, ka ce: "Ranka ya daɗe, ga sau nawa rezo ya faɗi, ga nawa ne na kuran, ga nawa na batirin da ya tsufa." Da takarda a hannu ake neman kuɗin sabon batir, da ita kuma ake shirya nawa za a biya in an kira ka bayan sallar isha'i.